Saro a Gwanzu: daga Rigasa har bakin Kogin Lu'ulu'u

Duk mai sayar da kayan ɗinki a Kaduna ya san zif ɗin da ke rataye a shagonsa ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso gare shi. Mai masana'anta ya ci nasa, dillalin can ya ci, babban ɗan kasuwar Legas ko na Kantin Kwari ya ci, sannan mu mu tsinci abin da ya rage. Na daɗe ina saro zif da maɓalli da zare da duwatsun ado da leshi ina kawowa Kasuwar Gumi, har ranar da kawuna, wanda ƙafarsa ta saba da Chaina, ya zaunar da ni ya tambayi nawa ne jarina. Da na faɗa masa ya yi shiru yana lissafi, can ya ce, "Ɗana, in ka biya jirgi da masauki har ka bar abin saro mai kauri, to shirya mu tafi. Zuwa da kai ya fi aike. Amma in kuɗin zai ƙare a tikiti, zauna ka ba ni saƙo."

Garin shi ne Guangzhou, mu 'yan kasuwa Gwanzu muke ce masa.

Takardu su ne farkon wahala. Fasfo sai yana da sauran wata shida aƙalla. Bizar 'yan kasuwa ita ce mai harafin M, kuma ƙashin bayanta takardar gayyata ce daga wani kamfani na can, da hatiminsa da lambarsa. Aka haɗa da rajistar kasuwancina da bayanin asusun banki da katin rigakafin shawara, na je Abuja aka ɗauki zanen yatsuna. Kawu ya hana ni ba kowa ya cike min fom a bayan idona, domin akwai masu rubuta maka muƙamin da ba ka da shi don takarda ta yi kyau, ranar da aka tambaye ka baki da baki sai maganarka ta saɓa da abin da ke rubuce.

Sai kuɗi. Nasu yuwan ne, a kasuwa an fi cewa RMB. A 2018 Babban Bankin Najeriya da na Chaina sun ƙulla yarjejeniyar musayar naira da yuwan biliyan 15 don a rage bi ta dala, amma ƙaramin ɗan kasuwa irina ta hannun 'yan canji yake bi: ka zuba naira a nan, a ba ka yuwan a can. Harka ce ta amana zalla, ba rasit ɗin da zai cece ka, shi ya sa ban ba kowa ko kwabo ba sai mutumin da Kawu ya shekara yana hulɗa da shi. Kafin mu tashi kuma Kawu ya sa na ɗora WeChat da Alipay, manhajojinsu na hira da biyan kuɗi, a waya, saboda WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a layukansu, kuma hatta mai sayar da ayaba a bakin titi da waya ake biyansa.

Lokacin tafiya ma sai da aka zaɓa. Babban baje kolin garin, wanda aka fara tun 1957, sau biyu ake yinsa a shekara, Afrilu da Oktoba, a Pazhou. In ya kama, kuɗin otal ninkawa yake yi, kuma na masu sayen kwantena-kwantena ne. Farkon Oktoba suna da hutun ƙasa na mako guda, lokacin sabuwar shekararsu kuwa, tsakanin Janairu da Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi makonni. Mu a Satumba muka tafi.

Daga tashar Rigasa ta Kaduna muka hau jirgin ƙasa zuwa Idu ta Abuja, a kan layin da kamfanin Chaina ya shimfiɗa aka buɗe a 2016. Daga Abuja sai Addis Ababa, daga nan sai doguwar tafiya ta kimanin awa goma. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai.

Da jirgi ya fara sauka na leƙa taga, abin da na gani ruwa ne ya yayyanka ƙasa ta ko'ina. Manyan koguna uku ne, na yamma da na arewa da na gabas, suke haɗuwa a yankin, su sake rarrabuwa rassa-rassa, su faɗa teku ta ƙofofi takwas. Gaba ɗayansu ake kira Kogin Lu'ulu'u. A tsakanin rassan akwai tafkunan kiwon kifi, da rufin masana'antu shuɗi-shuɗi, da gadoji, da jiragen dakon yashi da kwantena suna bin juna. A lokacin kallo kawai nake yi. Sai da na shiga kasuwa na gane cewa arzikin garin duka a kan wannan ruwan yake zaune.

Mun sauka a Xiaobei, unguwar da baƙi Musulmi suka fi yawa. Zafin garin mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa a jiki. A titi ɗaya sai ka ji Larabci da Faransanci da Bambaranci da Zabarmanci, ka juya ka ji wani yana waya da Hausar Damagaram. 'Yan uwanmu Ibo sun fi yawa a Sanyuanli. Abinci bai ba mu wuya ba: shagunan taliyar hannu na Musulmin Chaina suna ko'ina da koren allo, ga masu gashin nama daga Xinjiang, ga kuma matan Afirka ta Yamma da ke dafa shinkafa da miya a saman bene a kawo maka har ɗaki. Dokar farko da Kawu ya kafa min ita ce fasfo ba ya barin jikina, domin 'yan sanda suna tsayar da baƙo su duba, kuma kwana ɗaya ka ƙara a kan bizarka tara ce. Tsofaffin zuwa sun ce unguwar ta rage cika. Ba su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin korona, da aka fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal suka kwana a titi, har gwamnatin Najeriya ta kira jakadan Chaina ta nuna masa ɓacin ranta. Na ji zafin labarin a bakin waɗanda abin ya faru a kansu, kuma ban ga dalilin da zan ɓoye shi don ciniki ya yi daɗi ba.

Tafintanmu wani matashi ne Bakano da ya je karatu ya zauna. Shi ya kai mu Zhongda, kasuwar yadi da kayan ɗinki da ke kusa da Jami'ar Sun Yat-sen. Ce mata kasuwa ma rage mata girma ne. Unguwa ce guda ta benaye, kowane bene da abin da ya ƙware a kai. Akwai hawan da ba a sayar da komai sai maɓalli. Akwai layin da daga farkonsa har ƙarshe zif ne, na ƙarfe da na roba da wanda ba a ganin haƙoransa. A tsakanin benayen masu babur ɗin lantarki suna ratsawa da bandir-bandir na yadi a ɗaure a baya, ba ƙara, sai dai ka ji iska ta wuce ka.

Ranar farko Kawu ya hana ni sayen komai. "Yau ido za ka ciyar," in ji shi. Kowane shago yana ba da katin samfur kyauta, kwali ne da aka manna 'yan ƙyallaye a jere, kowace kala da lambarta. Ka karɓa, ka rubuta farashi a baya, ka ɗauki hoton ƙofar shagon da lambarsa, ka haɗa WeChat da mai shi. Da dare muka baje katunan a kan gado muna warewa. Leshi iri ɗaya na same shi a shago huɗu, farashi huɗu.

Washegari aka fara ciniki, kuma da kalkuleta ake yinsa. Matar shagon ta danna lamba ta juyo min, na goge na danna tawa, ta kama kai ta yi dariya, ta danna wata. Ta iya "Alhaji" da "nawa" da "ba riba", da su take yi wa duk mai hula ciniki. Amma farashi shi ne ƙaramin abu a maganar. Kawu ya ɗauki zif ɗaya ya ja shi sama da ƙasa da sauri har ya yi ɗumi, ya lanƙwasa shi ya ga ko haƙoran za su buɗe, ya ciji kan don ya ji ƙarfe ne ko dalma da fenti. Sai matar ta shiga ciki ta fito da wani mai kama da shi sak, ta ajiye su gefe da gefe, ta danna lamba biyu. A nan na fahimci abin da ake kira kayan Chaina marasa ƙwari. Kowane kaya suna da shi hawa-hawa, daga na ƙwarai har na banza, a shago ɗaya. Wanda ya iso Kaduna ya lalace a hannun tela cikin mako guda, wani ɗan uwanmu ne ya tsaya a gaban irin wannan matar ya nuna mai arahar.

A yadi kuma abu biyu ake tambaya kafin a biya. Na farko awo: bandir ɗin da aka rubuta mita 100 cikakke ne ko da ragi, domin al'adar kasuwar ce a rage 'yan mitoci, wanda ake sayarwa da kilo kuma a haɗa da nauyin kwalin da aka naɗe shi a kai. Ba sa ɓoyewa in ka tambaya, amma in ba ka tambaya ba ba mai faɗa maka. Na biyu rini: duk yadin da ba a tukunya ɗaya aka rina shi ba, kalarsa ba ta zama ɗaya, ko da lambar ɗaya ce. Ga mu masu sayar wa 'yan anko wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mata talatin su fito biki, goma shuɗinsu ya fi na sauran duhu, shagonka za a dawo. Saboda haka a takardar oda tafinta ya rubuta da rubutunsu cewa tukunya ɗaya muke so, aka yanka samfur biyu, muka sa hannu a kai, ɗaya a wurin matar shagon ɗaya a wurina. Na biya kashi 30, sauran sai kaya sun fito na duba.

Ta ce in dawo jibi. Na ɗauka ban ji daidai ba, domin kalar da na zaɓa babu ita a shagon, sai an rina. Tafinta ya ce, "Malam, marinar tana nan bayan gari, yau da dare za a sa." Da yamma ya ratsa da mu Kangle, unguwar da ke manne da kasuwar, lunguna matsattsu, kowane bene keken ɗinki ke kuka a cikinsa. Masu ƙananan masana'antu suna tsaye a bakin titi da riga a hannu da kwali an rubuta kuɗin ɗinkin kowace ɗaya, suna neman telolin yini. Mutum ya sayi yadi da safe a Zhongda, a yanka da rana, a ɗinka da dare, gari na wayewa riga tana rataye a kasuwar sari.

Wannan kusancin shi ne abin da na fi ɗauka a tafiyar. Mu kan ce arahar ma'aikata ce ta ɗaga su, amma telan Kangle ya fi telan Kasuwar Barci samun kuɗi nesa ba kusa ba. Abin da suke da shi shi ne komai yana kusa da komai. Tayil da kujeru suna Foshan, takalma da masana'antu iri-iri suna Dongguan, fitilu suna Guzhen, waya da kayanta suna Shenzhen, duka tafiyar awa ɗaya ko biyu, duka a bakin rassan kogi ɗaya, kuma tashar jiragen ruwa tana ƙofar gida. Mai zif ba ya jiran ƙarfe daga wata ƙasa. Wuta ba ta ɗaukewa. A cikin garin kansa jakunkuna suna Guihuagang, takalma da agogo suna kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kayan wasan yara suna titin Yide. Atamfa da shadda kuwa yawancinsu ofis kawai suke da shi a Gwanzu, masaƙun suna can Zhejiang da Shandong.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ake kira na Abi Waƙƙas, kusa da lambun Yuexiu. Jama'a ta cika har ƙarƙashin bishiyoyi, Sinawa da Larabawa da 'yan Pakistan da mu. A cikin harabar akwai kabarin da mutanen wurin suke cewa na Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, Allah ya ƙara masa yarda. Abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a, kuma a kan haka nake. Sai dai wannan bai rage komai daga tsufan Musulunci a garin ba. Bayan salla muka je Huaisheng, ɗaya daga cikin masallatai mafiya tsufa a Chaina. Hasumiyarsa zagayayya ce, sumul, ba ado, tsayinta mita 36. A da bakin kogi yana kusa da ita, fitilarta ce ke nuna wa jiragen fatake hanya. Yau sai ka yi tafiya mai ɗan nisa cikin gidaje kafin ka ga ruwa, domin kogin yana ta ajiye laka yana ja da baya.

Garin ya haura shekara 2,200. An kafa shi a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa. Zamanin daular Tang Larabawa da Farisawa suna da unguwarsu da alƙalinsu a nan, suna kiran garin Khanfu. Wajen shekarar 879 dakarun wani ɗan tawaye, Huang Chao, suka shiga suka karkashe baƙin fatake dubbai, ciniki ya mutu na wani zamani, ya sake tashi. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya zo wajen 1345 ya ba da labarin kasuwar tangaran da ake ɗiba zuwa Indiya da Yaman. Shi ne dai mutumin da ya sauka Takedda ta ƙasar Nijar a 1353 ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Barno. Ina tsaye a gindin hasumiyar nan na ji cewa ba yau hanyarmu da tasu ta fara haɗuwa a ƙafar mutum ɗaya ba.

Wata safiya muka je Shisanhang, kasuwar sarin tufafi da ke ci tun asuba ta watse da azahar. A wannan filin ne gidajen ciniki goma sha uku na Turawa suke a da. Daga 1757 sarkin Chaina ya rufe wa Turawa duk tashoshin ƙasar ban da wannan. Jiragensu su tsaya a Huangpu, su kuma a killace su a ɗan fili a bakin kogi, ba su shiga cikin ganuwa, ba su kawo matansu, ba su ciniki da kowa sai 'yan kasuwar da sarki ya ba izini. Ɗaya daga cikin waɗannan, Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa da dalar azurfa miliyan 26 a 1834. Ingila tana son shayi da siliki da tangaran, Chaina kuwa ba ta son komai nata sai azurfa. Da azurfar ta yi ta zurarewa sai Ingilishi suka koma shigo da ofiyom daga Indiya, ƙwaya mai kama jiki, har ta cinye mutane da dukiya. A 1839 wani jami'i, Lin Zexu, ya ƙwace akwati sama da 20,000 ya narkar da su da gishiri da farar ƙasa a Humen. Yaƙi ya biyo baya, Chaina ta sha kashi, yarjejeniyar 1842 ta ba Ingila Hong Kong ta buɗe wasu tashoshin. Tsibirin Shamian, inda Ingila da Faransa suka gina gidajensu daga baya, yana nan kusa, an gyara shi amare suna ɗaukar hoto. Wanda ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samarin unguwanninmu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin abin da ya sa suke girmama Lin Zexu har yau.

Da yake kayana ba su gama fitowa ba, na roƙi Kawu mu ga sana'o'in hannu. Ya ce shi shekarunsa na zuwa bai taɓa ba, amma ya bi ni. Muka fara da gidan zuriyar Chen, wanda aka gama a 1894, yanzu gidan adana sana'o'in gargajiya ne. Sassaƙa ce a katako da bulo da dutse, har kan rufi mutum-mutumin tangaran ne a jere. A ciki na ga surfanin siliki da zare siriri ƙwarai, da fentin tangaran mai ruwan zinari, da ƙwallon hauren giwa da aka sassaƙa ƙwallo cikin ƙwallo kowane yana juyawa. Chaina ta haramta cinikin hauren giwa daga ƙarshen 2017, masu sana'ar sun koma ƙashi.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne rinin siliki na Lunjiao a Shunde, kudu da Gwanzu. Fili ne na ciyawa a bakin rafi, an shimfiɗa dogayen ƙyallaye jajaye-jajaye a rana, maza ba takalmi suna bi suna miƙar da gefuna. Akwai wata saiwa kamar doya, cikinta ja, ba a cinta. Ita ake niƙawa a tace, a tsoma silikin a ruwanta, a shanya, a sake tsomawa, a sake shanyawa, haka ake ta yi kwana da kwanaki har ya sha ya koma ruwan ƙasa. Sannan a ɗebo taɓo daga gindin rafin, a dama, a shafa a fuska ɗaya kafin rana ta fito, a bar shi ɗan lokaci, mutane su ɗauke shi a miƙe su kai ruwa su wanke. Fuskar da ta sha taɓo sai ta fito baƙa wuluk tana ƙyalli, ɗayar tana nan ja. Wani dattijo ya miƙo min gefe na taɓa. Sanyi gare shi, ba ya manne wa jiki, yana ɗan ƙara in an motsa shi.

Da tafinta ya fassara yadda abin ke aiki, sai Kawu ya riga ni magana: "Ai kuloko ne!" Gaskiyarsa. Sinadarin da ke cikin saiwar irin na bagaruwa ne da majema ke jima da ita, taɓon kuma ƙarfe ne a cikinsa, haɗuwarsu ce ke ba da baƙi, yadda dukawanmu ke baƙanta fata. Taɓon wani kogin ba ya yi sai na nan, kuma ba a yi sai da rana mai kyau, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. A 2008 gwamnatinsu ta sa sana'ar cikin gadon ƙasa da ake karewa, masu zanen tufafi na zamani suna saye da tsada, matasa suna koya. Ilimin bai fi na marinar Ƙofar Mata ba, bai fi na masu bugun rawani ɗan Kura ba. Bambancin shi ne su an nemo wa nasu mai saye.

A motar dawowa maganar Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, muka yi. Mahaifina a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki, da albashinta aka yi mana makaranta. A 1957, shekarar da aka fara baje kolin Gwanzu, a ita ce gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna. Masaƙar UNTL da aka kafa a 1964 kuwa, mai ita, Cha Chi-ming, daga Hong Kong ya zo, wato daga bakin wannan kogin. Su suka zo wurinmu neman kasuwa. Muna da auduga daga Funtuwa da Gusau da Zariya, muna da layin dogo, muna da kogi, muna da dubban ma'aikata da ke fita aiki kashi uku a yini. Kusancin nan da na gani a Zhongda mun fara gina irinsa. Sai wuta ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, injuna suka tsufa, noman auduga ya ja baya, kayan fasa-ƙwauri suka cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Na san kayan da nake saro suna cikin abin da ya maye gurbinsu, kuma abin yana damuna. Amma telan da ke zuwa shagona zif yake nema yau, kuma da akwai mai yin irinsa a Kakuri da ban haye teku ba.

Da kaya suka fito ban yarda a kai su sito kai tsaye ba. Na buɗe katan-katan, na jera leshin da samfurin da muka sa wa hannu a hasken rana, na auna bandir uku da na zaɓa da kaina, na ƙirga zif a ƙulli biyar. Ƙulli ɗaya kalarsa ta kauce, aka canza ba gardama, sannan na cika kuɗi. Bayan ka biya ka bar ƙasar, maganar canji ta ƙare.

Siton masu dakon kaya duniya ce ta daban. Ana danne kaya a koren buhu, a naɗe da salatif, a rubuta alamar mai shi da lambar wayarsa da KD, wato Kaduna, da babban alƙalami a kowane gefe. Na jirgin sama da kilo ake biya, ya iso cikin mako ɗaya ko biyu. Na ruwa da girman wurin da ya ci ake biya, abin da ake kira CBM. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar sama da 60, saboda haka irinmu haɗaka muke yi, mutum goma ko fiye a kwantena ɗaya. Duwatsun ado da leshin da ake yayi na sa su a sama, don yayi ba ya jira. Zif da zare da maɓalli, masu nauyi da ƙaramar riba, suka bi ruwa ta tashar Nansha. Kafin in bar siton na sa aka rubuta min a rasit cewa kuɗin ya haɗa da kwastan har Kaduna, domin wasu farashinsu a Legas yake tsayawa.

Na sama sun riga ni hutawa, ina dawowa ba da jimawa ba aka kira ni in je in ɗauka. Na ruwa suka yi wajen wata ɗaya da rabi a teku, suka ƙara wasu makonni a tashar Legas. Akwai tashar tsandauri a Kakuri da aka ƙaddamar a Janairun 2018 don kwantena ta zo har gida a yi mata kwastan a nan, amma tamu a Legas aka sauke ta, tirela ta hauro da kayan. Da na zauna lissafi, abin da kayan suka ci daga Legas zuwa ƙofar shagona, da kwastan da mota da 'yan dako, ya fi abin da suka ci daga Nansha zuwa Legas. Katan biyu na zare sun sha danshi, na sayar da su a faɗuwa. Naira kuma ta motsa tsakanin ranar da na saya da ranar da na fara sayarwa, dole na sa farashi da canjin ranar, in ba haka ba kuɗin ba zai sake sayo irin kayan ba.

Duk da haka riba ta fito, ta biya jirgi da masauki ta bar saura. Telolin da suka gwada zif mai kyan sun dawo da abokansu, ko da yake ya fi na kasuwa tsada da 'yan nairori. Odar da ta biyo baya ta WeChat na yi ta da matar nan mai kalkuleta: na tura lambar katin samfur, tafinta ya je ya duba kayan ya turo min bidiyo, na biya ta hannun ɗan canjin Kawu, aka kai sito.